Rufin da Na Ɗora wa Kwaɗo

Duk wanda ya san Malam Iro Mai-Walda ya san ba ya rabuwa da mutum sai ya auna shi. Ka yi sallama a ƙofar garejinsa da ke bakin hanyar Gwaram, nan Birnin Kudu, zai amsa, ya ɗaga baƙin gilashin nan nasa, ya dube ka daga hula har takalmi. Kafin ya tambayi iyali sai ka ji ya ce, "Buhu ɗaya da tiya goma." Liman ma bai tsira ba. Ni kuwa ranar da muka fara haɗuwa ya ce, "Buhu biyu cif," sunan ya bi ni har yau. Sabo uwata ta raɗa mini, amma jikokina Baba Buhu Biyu suka sani. Wannan ɗaya ne daga cikin abubuwan da bawan Allahn nan ya bar mini.

A lokacin ni dillalin babura ne a kasuwar Gwaram. Shekarar da aka ba mu Jihar Jigawa kowa ya ɗinka sabuwar riga ya nufi Dutse neman kwangila, shi kuwa Malam Iro ya kulle kansa a gareji ya ƙera mota. Wai mota! Injin nika ne, da giyar babur, da tayoyi huɗu masu faɗi, da bencin katako. Ya sa mata suna Kwaɗo. Ba ta da kyan gani ko kaɗan, amma wallahi in ta shiga taɓo sai ka rantse a ciki aka haife ta. Ya same ni a kasuwa ya ce, "Buhu Biyu, kai Allah ya ba ka baki, ni ya ba ni hannu. Ni in ƙera, kai ka sayar." Na amince. Daga nan hawan jinina ya samo asali.

Mai saye na farko da na kawo wani manomi ne daga Kangire, mutumin kirki, ya zo da niyyarsa. Ya zagaya Kwaɗo ya ce, "Malam, ina giyar baya?"

"Babu."

"To in na shiga lungu fa?"

"Me ya kai ka lungu? Gona za ka ko zance?"

Na yi maza na ce za a iya sa masa. Malam Iro ya harare ni, ya kama gindin motar da hannu biyu, ya ɗaga, ya juya ta kamar tabarma. Ya ce, "Ga giyar bayanka nan. Shi ya sa na yi ta ba nauyi."

Mutumin ya yi dariya, ya ce to ina hon? Malam ya ce, "Bakinka na mene ne?" Ya ce fenti fa? Malam ya ce gwangwanin fenti ɗaya tiya biyu ne, shi ba zai ɗora wa motarsa tiya biyu don mutanen Kangire su ji daɗin kallo ba. Haka na raka bawan Allah bakin titi ina ba shi haƙuri, ina jin kamar in koma in shaƙe wani.

Maganarsa kullum ɗaya ce: "Nauyi shi ne ke kashe mota." Ko goro ka ajiye a kan bencin sai ya ɗauke.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne bangon zaurensa. A nan yake zana motocin da zai ƙera nan gaba, da gawayi. Akwai Raƙumi, ta yashi. Akwai wata doguwa ta ɗaukar marasa lafiya daga ƙauye, wadda bai ma sa mata suna ba. Sai uwa-uba Agwagwa, wadda ya ce za ta bi ƙasa, in ta zo rafi ta faɗa ta yi iyo ta fita. To ku ji wannan. Na sha wahala wata biyu ina lallashin wani Alhaji mai sayen gyaɗa, har ya yarda ya zo zai ɗauki Kwaɗo. Yana shirin sa hannu a aljihu sai Malam Iro ya ja shi zaure.

"Alhaji, tsakani da Allah, kar ka sayi wannan."

Na ce, "Malam!"

"Ka ga wannan ta bango? Ta fi ta sau goma. Ka jira Agwagwa."

Alhaji ya ce, "Yaushe za ta fito?"

"Da zarar na sayar da Kwaɗo na sami na kayan aiki."

Jama'a, ku gaya mini yadda dillali zai yi da irin wannan mutum! Alhajin ya tafi jiran Agwagwa, har ya rasu yana jira, Allah ya ji ƙansa.

Wata shekara ana jibi Sallah, matarsa Inna Larai ta ga bango ya yi baƙi ƙirin, ta kwaɓa farar ƙasa ta shafe shi tas. Malam ya dawo ya tsaya kamar an dasa shi. Ya ce, "Larai, kin san abin da kika yi? Kin shafe masana'antar Jihar Jigawa ta shekara biyar masu zuwa!" Ta ce, "To in masana'antar ta tashi, ta sayo mana gishiri." Ranar Sallah kowa na yawon gaisuwa, shi yana zaure da gawayi yana mai da Agwagwa, sabuwar rigarsa duk ta yi baƙi.

Cikin shekara huɗu Kwaɗo uku muka sayar. Da an bar ni da mun sayar da ta huɗu, amma da mai sayen ya ce ƙofar gidansa kwalta ce, Malam ya ce ya je ya sayi motar Turawa, kar ya ɓata wa Kwaɗo tarbiyya.

Yanzu na zo inda ba na son zuwa, amma saboda shi na ɗauki biro.

Akwai ƙungiyar manoman fadama a can bayan Maruta, kusa da ƙauyen su Malam Iro na asali. Da damina hanyarsu yankewa take yi, taki ba ya shiga, amfanin gona ba ya fita. Shugabansu, Alhaji Bala, ya aiko cewa in Kwaɗo ta ƙetare fadamar a gabansu, za su sa a ƙera musu huɗu a tashi ɗaya. Huɗu! Wannan ce damar da za ta fitar da Agwagwa daga bango, kuma Malam ya san haka, don ranar har shayi ya saya mini, abin da bai taɓa yi ba. Aka sa ranar gwaji. Ya tafi Kano neman wasu kayan inji, ya ce mu haɗu a bakin fadama, ya bar mini motar da amana.

Ni kuma na zauna na yi tunani irin na dillali. Na ce manyan mutane za su zo da manyan riguna, a ce su hau bencin katako rana na dukansu? Na tura Kwaɗo wurin wani mai walda a Gwaram. Na sa aka yi mata rufi na ƙarfe mai kauri, da ƙofofi huɗu, da kujerun kushin, da ƙaton ƙarfe a gaba mai sheƙi. Aka shafe ta da fenti kore da fari, aka rubuta "Sabuwar Jiha" a baya. Har hon na sa. Wallahi da na gan ta sai da na ji ƙwalla, na ce yau Malam zai san amfanin baki.

Ya iso bakin fadama da hantsi, ya tarar baƙi sun riga shi, sun kewaye mota suna yabawa. Ya zagaya ta sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa rufin da ɗan yatsa, ya matso kusa da kunnena ya ce, "Buhu huɗu ka ɗora mata." Sannan ya dubi baƙi ɗaya bayan ɗaya, na ga leɓensa na motsi. Ya ce, "Alhaji, mutum ɗaya zai hau da direba. Sauran su tsaya su kalla."

Na yi dariya da ƙarfi na ce, "Ranka ya daɗe, Malam akwai barkwanci! Duk ku hau, wuri ne da ita." Alhaji Bala ya shiga, ma'aji ya shiga, sakatare ya shiga, ni ma na cusa kaina. Habu, ƙanen Malam, shi ke tuƙi.

Mun yi kamar taku hamsin lafiya lau, ina ta danna hon. Da muka kai tsakiya sai Kwaɗo ta yi wani nishi, ta zauna. Habu ya ba ta wuta, ta ƙara nutsewa har ciki. Ƙofofin nan nawa suka ƙi buɗuwa saboda taɓo, sai ta taga muka fito. Alhaji Bala ya diro cikin farar shadda, ya nutse har gwiwa, takalminsa ɗaya yana can har gobe. Mutanen ƙauye suna bakin gaɓa suna ta dariya, wasu har da riƙe ciki.

Da muka fito, Alhaji yana huci ya ce, "Sabo, me ke nan? Ba kai ka ce tana wucewa ba?"

Sai na ji bakina ya ce, "Ranka ya daɗe, na sha gaya masa injin nan ya yi ƙanƙanta. Mutum ne da ba ya jin shawara."

A gaban jama'a na faɗa, a gaban mutanen garinsu. Malam Iro ya juyo ya dube ni. Ranar ce kaɗai a rayuwata ya dube ni bai faɗi nauyina ba.

Ƙungiya ta fasa. Magana ta zaga kasuwanni cewa injin Iro ba ya ja, kuma daga bakin dillalinsa aka ji, wa zai musa? Ba wanda ya sake zuwa tambayar Kwaɗo. Malam ya koma waldar ƙofa da taga da gadon amare, Agwagwa ta zauna a bango. Rufin kuwa ya yanke shi ya kafa wa awakin Inna Larai rumfa. Bai daina kula ni ba, kuma wannan ya fi duka ciwo. Duk zuwan da zan yi sai ya ce, "Buhu Biyu, shiga ka gai da rufinka, awaki na godiya." In yi dariyar yaƙe in zauna. Shekara da shekaru ina zuwa da niyyar in buɗe baki, in koma da maganata a ciki.

Sai da ya kwanta a asibiti, na ga yadda ya koma, sannan na iya. Na ce, "Malam, ranar fadama ƙarya na yi. Ba inji ba ne."

Ya ce, "Ni za ka gaya wa? Ni na ɗaura shi."

"Ka yafe mini don Allah."

"Na yafe tun ranar da awaki suka sami inuwa." Ya ɗaga kai da ƙyar, ya dube ni sama da ƙasa. "Sabo, ka rame. Buhu ɗaya da rabi. Da haka kake ranar nan, da wataƙila mun wuce."

Yana kwance a gadon asibiti, amma sai da ya ƙara mini!

Ya rasu tsakiyar damina, ya bar wasiyya a kai shi ƙauye kusa da mahaifinsa. Bas ɗin da muka ɗauko ta kai mu bakin fadamar nan, direba ya leƙa ya ce ko za a yanka shi ba zai shiga ba. Habu ya ƙetara da ƙafa ya ɗauko Kwaɗo, wadda tun tuni ita yake aikin gona da ita, tsirararta kamar yadda mai ita ya yi ta. Aka ɗora Malam, ɗansa babba ya hau ya riƙe shi. Habu ya ce, "Yaya Sabo, hau mana, ƙafarka ba ta da lafiya." Na dubi motar, na yi lissafin da marigayi ya koya mini, na ce a'a. Na naɗe wando na bi bayansu cikin taɓo da sauran jama'a.

Ta wuce. Daidai wurin da muka nutse ta bi, ko tari ba ta yi ba.

Alhaji Bala yana can gaɓa cikin masu jiran gawa, ya tsufa, yana dogara sanda. Na ji ya ce, "Ikon Allah! Ashe injin nan yana ja?"

Na tsaya da taɓo har cinya, na ɗaga murya yadda kowa zai ji. Na ce, "Yana ja, Alhaji. Tun ranar ma yana ja. Ni na ɗora mata kayan da suka nutsar da ita, na kuma yi wa mai ita ƙarya a gabanku." Da a ce na faɗi haka tun yana iya riƙe guduma, da ban san inda Agwagwa ta kai ba yau. Tana nan a bangon zaure, Inna Larai ta hana kowa taɓa wurin.

Allah ya ji ƙan Malam Iro, ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa, ya yafe mini abin da na yi masa. Ya gama rayuwarsa yana rage wa abubuwa nauyi, ya Allah ka sauƙaƙa masa kwanciya, ka cika mizaninsa da alheri ranar da za a auna mu duka. Amin.