Hamsatu da Kwalaben Mansura

Tun tana budurwa Hamsatu ke faɗa da zafin rana. Nono take ɗauka daga rugarsu kusa da Zagga zuwa kasuwannin bakin iyakar Benin, kuma duk Bagudo babu wadda ta kai ta iya lulluɓe ƙwarya da jiƙaƙƙen buhu. Ko fitilar hannu ta gani a rana, sai ta janye ta inuwa tana mita.

Sai ga 'yarta Mansura, mai karatun digiri na biyu a jami'a, ta zo da wasu 'yan kwalabe, kowacce da farin gari a gindi. Ta yi bayani: ana fasa ƙwayoyin bakteriya, a kwashe ruwan cikinsu a busar. Ranar da aka ɗiga wa garin ruwa, shi da kansa zai harhaɗa ɗan guntun furotin mai kashe ƙwayar da ke kumbura hantsar shanu.

"Wato nono ba saniya," in ji Hamsatu.

"Kusan haka, Inna. So nike in gani ko garin na jure zahin Bagudo. Ki bar su ɗakin kwano har bazara ta wuce. Kar a taɓa, digirina na nan ciki."

Ɗakin kwano! Ɗakin da ko kaza ba ta yarda ta yi kwanci a cikinsa. Hamsatu ta cika ta yi fam. An kai yarinya makaranta da hankalinta, an dawo da ita tana gasa magani. Mansura na hawa mota, uwar ta kwashe kwalaben, ta naɗe su a buhu, ta tura gindin randa. Duk bazarar nan ba ta bar buhun ya bushe ba, ko da ruwan gidan ya yi ƙaranci. Da ta ji 'yar na tafe, ta mayar da su inda aka bar su.

Mansura ta kai su jami'a ta gwada, ta dawo baki har kunne.

"Inna, ya yi aiki! Za a iya kai shi kowace ruga ba firiji!"

"Yo mi za ya hana?" Hamsatu ta gyara zama. "Da na biye miki na bar su ɗakin can, ai da sun ƙone. Gindin randa sunka yi bazara."

Mansura ta zauna a ƙasa daɓas. Hawaye suka zubo mata. Gwajin zafi bai yiwu ba ke nan, shekara guda ta tafi, sai wata bazarar.

Bana sababbin kwalabe na ɗakin kwano, an sa kwaɗo, makullin kuma Mansura da kanta ta damƙa wa uwar. In rana ta take, Hamsatu kan jiƙa buhu, ta zo ƙofar ta tsaya tana tsaki, makulli a hannu. Sai ta ɗora buhun a kanta ta koma inuwa.