Gurbin Mahauci a Waƙar Barraquand

Sunansa Anselme Théodore Barraquand. Na fara saninsa a shekarar 1934, lokacin da aka ɗauke ni aikin danna zugazugin da ke ba ogan, wato babban kayan kiɗan majami'ar garinmu, iska, shi kuwa yana gaba yana kaɗawa da hannu da ƙafa.

Mutum ne siriri, marar yawan magana, wanda miyar kabeji da gutsuren burodi ke isarsa yini. Rayuwarsa duka a benen mawaƙa ta ƙare, bayansa ga jama'a, yana hangen Fada, limamin majami'ar, ta wani ɗan madubi da aka kafa saman kansa. Buri ɗaya gare shi: ya tsara babbar waƙar jana'iza cikin harshen Latin, a rera ta ko sau ɗaya, ya ji da kunnensa.

Yadda tela ke gwada mutum kafin ya yanka yadi, haka yake tsara waƙa: kowane layi da maƙogwaron da aka ɗinka wa. Mafi tsadar maƙogwaro a garin kuwa na Léonce Chabert ne, mahauci, ƙato mai barkwanci, wanda in ya saukar da murya har katakon bene ke rawa. Dominsa Barraquand ya gina ƙarshen waƙar. A wurin roƙon haske madawwami ga matattu, ogan zai yi shiru, kowa ya yi shiru, Léonce kaɗai ya gangara can ƙasa ya riƙe sauti ɗaya, mata su ɗauki nasu daga kansa su hau. Yakan ce wannan sautin shi ne ƙasan kabari, daga nan ake tashi.

"Maigida," in ji Léonce wata Alhamis wajen gwaji, "waƙar nan taka, sai na mutu za ta nuna?"

"Za ta nuna ranar da ka daina yi mini kukan sa a mayanka."

"To ka hanzarta. Ko nama in ya daɗe a rataye, ƙuda ke gadonsa."

Bai hanzarta ba. Yaƙi ya zo ya wuce. Mawaƙan suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, yana raka kowanne da tsohuwar waƙar da kowa ya sani, yana cewa tasa da saura. Sa'ad da ya kammala ta, an riga an fara sauke Latin daga sujada, kuma an kawo mana sabon Fada, matashi mai suna Rémi, mai son jita.

"Baba Anselme," in ji Fadan, "mutane suna so su fahimci abin da suke roƙo."

"Matattun da za a yi wa, Fada, da Latin aka binne su."

Fada Rémi ya yi dariya, ya ba shi rana ɗaya tak: ranar tunawa da matattu, biyu ga Nuwamba, 1967.

Sai dai a bazarar wannan shekara likitoci sun yi wa Léonce aiki a maƙogwaro, ya dawo yana magana kamar mai raɗa. Mafita a fili take: akwai sandar ogan a ƙarƙashin ƙafar Barraquand ta hagu wadda ke ba da wannan sautin daidai. Ya taka ta kawai, mata su sami abin hawa. Da Léonce ya ji, sai ya hawo benen yana haki, ya kama shi a hannun riga.

"Anselme, shekara nawa ina jiran wurin nan? Ranar sautin zai fito. Amma in ka taka mini sandar nan, ka binne ni da raina."

Barraquand ya dube shi, ya ce ba zai taka ba.

Ranar ta zo da ruwan sama, majami'a ta cika da mutanen da suka dawo daga ajiye furanni a makabarta. Injin lantarki ya riga ya karɓe aikina, amma na hau benen na zauna. Waƙar ta tashi, kuma ban taɓa jin irinta ba: tsofaffin muryoyi, amma kowace ta zauna a gurbinta kamar ƙafa a tsohon takalmi. Barraquand yana kaɗawa ido a rufe.

Aka iso wurin. Ya ɗage hannuwansa, kowa ya yi tsit. Léonce ya buɗe baki, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, iska kawai ta fito. Ya sake gwadawa. Ƙafar Barraquand tana kan sandar. Ya juya ya dubi abokinsa, sa'an nan ya janye ta.

Mata suka rasa inda za su kama. Ɗaya ta shiga sama, ɗaya ƙasa, ta uku ta fashe da kuka, waƙar ta watse. Can ƙasa Fada Rémi ya ɗan jira, ya ci gaba da addu'a cikin Faransanci.

Ba a sake rera ta ba. Léonce ya rasu kafin ƙarshen hunturu, aka raka shi da jita. Barraquand ya miƙa makullin bene, ya koma gidan tsofaffi da Sistoci, mata masu hidimar majami'a, ke kula da shi a bayan gari. Da na je gaishe shi, na same shi a kujera bakin taga, bargo a gwiwa, ƙafarsa ta hagu tana taɓa ƙasa tana ɗagawa.

"Da na taka," ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "da na ji ƙarshenta."



Ganina da shi na ƙarshe ke nan, ranar 9 ga Maris, 1969.