Shaf ɗin da Hashimu Ya Naɗe a Tsumma

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga Safar na bana, ina gona ina duba gero aka bugo mini waya cewa Malam Hashimu, mai gyaran injin ban-ruwa a Makoda, ya amsa kiran Mahaliccinsa bayan gajeriyar jinya.

Hashimu, kai ka jefa ni cikin tseren ƙananan jiragen ruwa masu rimot, da furfurata da komai. Mutanen gari suka yi ta cewa dattawa biyu sun koma yara, ko a jikinka. Ni ne mai tuƙi, kai ne mai saiti. Duk Juma'a bayan la'asar sai mu goya jirgin a babur ɗinka mu nufi bakin dam.

Can za ka baje tabarma ka hau daidaita shaf, murɗaɗɗiyar igiyar ƙarfen nan da ke kai juyin inji zuwa farfela. Ka murza ta da yatsu biyu, ka kara kunne, in ka ji tana gugar bututun da take ciki ko kaɗan ka kwance ka sake. Sannan ka karyo tsinken tsintsiya ka soka tsakanin gindin farfela da bakin bututu kafin ka ɗaure. Ni kuwa da gajen haƙurina nakan ce, "Haba Malam, matse ta mu tafi, 'yan Tofa suna jira!" Sai ka ce, "Bar mata rata, Alhaji. In ta ɗauki gudu takan tsuke, in babu wuri ta tsinke."

Ba na manta tseren bara, da shaf ɗin Tasi'u na Tofa ya tsinke. Ka ɗauko namu na ajiya ka ba shi, har ka saita masa da hannunka, ya kuwa zo ya wuce mu! Na hau bayan babur ina cika ina batsewa. Kai ko kana ta dariya, ka tsaya a hanya ka saya mini rake.

Ba ka taɓa barin shaf ya kwana cikin jirgi ba. Sai ka zare, ka goge, ka shafe shi da giris, ka naɗe a tsumma.

Bayan addu'ar bakwai, mai ɗakinka Barira ta sa aka fito mini da jirgin da ƙunshin tsumman zuwa zaure. Daga bayan labule ta ce, "Alhaji, ga jirginku. Ya ce kada a fasa tseren kaka." Na kwance tsumman, sai ga shaf da sawun yatsunka a jikin giris, ga tsinkenka a gefe. Wallahi kuka na yi, ban ji kunyar kowa ba.

Tun ranar nake juya abin a raina. In na sa shaf ɗin a ruwa, ruwa zai wanke aikinka na ƙarshe. In na ajiye, na saɓa maganarka. To, Juma'a mai zuwa ne tseren, kuma zan sa shi, zan bar ratar yadda ka koya mini. Abin da ban sani ba shi ne wa zan miƙa wa jirgin ya kara kunne.

Allah Ya jiƙanka da rahama, Ya yalwata makwancinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga Barira da 'ya'yanka da ɗaukacin dangi, Allah Ya ba su haƙuri, Ya albarkaci bayanka. Ni ma da na zo yin gaisuwar, jama'a, a sa ni cikin waɗanda ake yi wa ita.