Kek Mai Kama da Allo

Tun ina yarinya a Gwarzo, in aka aike ni aka ga na daɗe, ba sai an tambaya ba, ina ƙofar zauren Kawu. Kawu yayan mahaifiyata ne, malami, kuma duk mai saukar Alƙur'ani a unguwarmu shi ke yi wa allonsa zayyana. Zai jera tawadarsa, ja da kore da ruwan ɗorawa, ya ja layi ya bi ta ƙarƙashin wani, ya ɓullo ta sama, ya zagayo ya ƙulle. Sai ki bi shi da ido har kanki ya juya ba ki gano inda ya faro ba. Ni kuwa ina raɓe, baki sake. Bai taɓa kora ta ba, bai kuma taɓa ce mini komai ba. Kawu ba mutumin yabo ba ne. In ka yi abin kirki, iyakarsa ya ce "to".

Da aure ya kai ni Kabo na koyi gasa kek wajen wata maƙwabciya, a tukunya mai yashi, garwashi a ƙasa, garwashi a kan murfi. Fulawar da na ƙona Allah kaɗai ya san yawanta. Akwai wanda maigidana ya ƙwanƙwasa ya ce a adana masa, zai yi amfani ranar gini. Amma a hankali hannuna ya faɗa.

Shekarar da babbar 'yata ta sauke, Kawu ya aiko da allonta ana saura kwanaki walima. Na jingine shi a ɗaki, in ina shara in tsaya kallo, in ina tsince shinkafa in ɗaga kai. Kawai sai rigimata ta motsa. Na gasa kek mai faɗi, na yanke shi siffar allo har da mariƙi. Na daka sukari na kaɗa da farin ƙwai, na samo ja daga zoɓo, ɗorawa daga kurkur, koren kuma na saya a shago. Na huda kusurwar leda na shiga zane. Ko harafi ɗaya ban sa ba, ban yi hauka ba, zayyanar gefe kawai na kwaikwaya. Abin da nake so guda ne: Kawu ya gani.

Ranar walima na fito da shi tsakar gida ina taƙama, na ɗora a tabarma. Uwar mijina ta yi wuf ta ɗauke farantin.

"Ke, allo a ƙasa?"

"Inna, kek ne fa."

"Kek ɗin me? Ni ba ni da alwala, wata ta karɓa."

Babu wadda ta karɓa. Mata suka kewaye ta, wannan ta ce halal ne, waccan ta ce ita dai ba za ta sa wa allo wuƙa ba. Wata tsohuwa ta tambaya ko wankewa za a yi a sha. Ƙarshe Inna ta yanke hukunci: tunda Kawu ya zo walimar, a kai masa zaure ya yi fatawa, kuma wadda ta haɗa rigimar ita za ta kai.

Na karɓi farantin na nufi zaure. So nake ya gani, amma ba a matsayin ƙara ba. Sai a lokacin na tuna zai iya cewa na mai da aikinsa abin wasa, a gaban surukaina.

Na durƙusa na gaida shi, na tura farantin gabansa. Ya gyara tabarau, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa sukarin. Ya daɗe.

"Akwai aya a ciki?"

"Babu, Kawu."

"To abinci ne. Wa ya zana?"

"Ni ce."

Ya bi layin da yatsa a iska, ya shiga, ya fita, ya tsaya a wata kusurwa.

"Nan koren ya kamata ya bi ta ƙasa. Kin hau da shi sama."

"A allon haka yake, Kawu."

Ya sa aka miƙo masa allon. Ya kai shi kusa da fuska, ya nesanta, ya juya shi wajen hasken ƙofa. Na so ƙasa ta tsage in shige, don ashe kuskurensa na kwafo, na kuma faɗa masa a gaban mutane. Sai ya yi 'yar dariya, ya sa wuƙa ya yanke daidai kusurwar nan ya jefa a baki.

"An gyara ɗaya," in ji shi yana tauna. Ya goge yatsunsa, ya dube ni. "Idon nan ya fara cin amanata. Akwai alluna na jira na a gida. Ranar Asabar ki zo Gwarzo, ke za ki ja mini layi."