Yaya Lawal da Babur Marar Inji

Shekara ashirin da shida ke nan da muka kai Yaya Lawal makwancinsa, amma har yau ban iya tsayawa layin mai hankalina kwance.

Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Injin markaɗe yake da shi a Ƙofar Guga. Mutum ne mai baki, ga gardama, amma ko kaza bai iya yankawa. A shekarar da soja suka miƙa mulki mai ya yi wuya, gwamnati ta fito da dokar tsimi: motocin haya su rage gudu, kowa a auna masa kaɗan, jarka kuwa an hana ta a gidan mai. Wanda ya rubuta dokar ya manta injin markaɗe ba shi da taya. Sai Yaya ya samo tsohon babur da aka cire wa inji, ya riƙa tura shi layi, a zuba masa a tanki, ya turo gida ya zuƙe da tiyo. Duk unguwa an sani. Har tsokanarsa ake yi, wai kaf Katsina ba mai bin dokar gudu kamar shi.

Wata Talata da hantsi na raka shi. Muna layi 'yan kwamitin tsimin mai suka iso da bulala. Ɗayansu ya leƙa ƙarƙashin tankin, ya ga wayam, ya daka tsawa: "Ga ɗan bumburutu!"

Mu da muka girma a hannun soja mun san abin yi: ka durƙusa, ka ce ka tuba. Yaya kuwa ya sha jawaban rediyo, kuma ya gaskata su. Ya tsaya ƙyam ya ce, "Yallaɓai, mi na yi? Markaɗe nike, ku tambayi kowa. Kuma yanzu farar hula ke mulki, ba wanda ya isa ya dake ni."

Maganar ƙarshen ce ta ja masa. Mari ya fara sauka, sai bulala. Ya faɗi, suka bi shi da takalmi, ciki da ƙirji. Wani ya ɗauko jarkar ƙarfe cikin waɗanda suka ƙwace, ya maka masa a ƙeya. Na ga jini yana fita ta kunnensa. Layi maƙil da mutane, ba wanda ya motsa, kowa na tsoron rasa wurinsa. Ni ma ina riƙe da babur ɗin, ban sake shi ba. Kwana uku ya yi a asibiti bai buɗe ido ba, ya cika.

Yau tsimi bai buƙatar bulala, tsada ta koya wa kowa. Direba na kashe mota a gangara, ofis na kashe janareto tun azahar. Da Yaya na nan, na san dariya zai fara yi, sannan ya ɗaga murya, ni kuma in ja rigarsa in ce ya yi shiru. Wannan halin nawa yana ba ni haushi, kuma bai bar ni ba.

An daɗe da sayar da injin. Abin da ya rage nasa shi ne Binta, 'yar da ya bari a goye, wadda ta kwaso bakinsa kaf. Bara ta zaunar da ni na ba ta labarin, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Baffa, da suna dukansa, kai kana ina?"

Na ce ina wurin.