Filin Tseren Babana a Hanyar Kona

Shekaranjiya maƙwabcina ya tayar da ƙaramin janaretonsa, irin wanda ake zuba wa fetur haɗe da baƙin mai, jim kaɗan bayan yayyafi ya jiƙa ƙasa. Hayaƙin da ƙanshin ƙasar suka shigo mini tsakar gida tare, sai na ajiye wankin da nake yi na zauna. Na san wannan warin tun ina 'yar shekara tara, a wani fili da ke gefen hanyar Kona, inda babana ya kwashe rani biyar yana shirya tseren babura.

In ba ka zauna a Jalingo a farkon shekarun casa'in ba, da wuya ka gane yadda garin ya cika cikin ɗan lokaci. An ba mu jiha, ma'aikata suka yi ta zuwa daga Yola, motocin haya kuwa ba su isa ba. Duk saurayin da ya samu mai ba shi babur sai ya shiga acaɓa. Babana bakaniken babura ne, garejinsa rumfar kwano ce a gindin wani mangwaro. Shi yake yi musu gyara, shi kuma ake turo wa baburan in sun faɗi. Samarin sun ɗauki wata ɗabi'a, in an yi biki ko ranar Lahadi da yamma, sai su jeru a kan kwalta su yi ta tsere har hanyar Sunkani. A wata guda aka kawo masa babura biyu waɗanda matuƙansu ba su tashi ba. Ɗaya daga cikinsu yaron ƙungiyar mawaƙan cocinmu ne.

Baba ba mai yawan magana ba ne. Wata rana muna cin tuwo ya ce shi ya lura ba wanda zai iya hana yaran nan gudu, sai dai a nema musu wurin da babu mota, babu kwalta. Mama ta dube shi ta ce ba ta taɓa jin an yi maganin gudu da gudu ba. Da ta ga ya riga ya sa ransa, sai ta kafa sharaɗi ɗaya: yayana, wanda yake koyon aiki a garejin, ba zai taɓa hawa ba. Baba ya amince.

Filin gonar dawa ce ta wani tsoho mutumin Kona. Da Baba ya je roƙonsa bayan girbi, tsohon ya amsa masa da irin Hausarsa: "Ƙasa nawa ne, amma rani ba ya noma. Ku yi wasa. Ruwa ya zo, ku tashi." Abokin Baba, wani mai walda da iyayensa suka zo daga Kano, shi ya taya shi aikin. Suka tumɓuke tushiyar kara ɗaya bayan ɗaya, suka ɗaura guntun ƙarfe a bayan babur suna jan sa har ƙasar ta baje. Hanyar tseren ta fito kamar ƙwai. Suka zagaye cikinta da tsofaffin tayoyi, suka jera buhunan ɓuntun shinkafa da aka kawo daga Lau a bakin kowace kwana, don wanda ya zame ya faɗa kan abu mai laushi.

Mutum huɗu ke tashi lokaci guda, zagaye huɗu. Ba mai hawa sai da hular kwano da rufaffen takalmi. Da yake a kwana ƙafar hagu ake ja a ƙasa, mai walda ya riƙa ƙera musu faifan ƙarfe suna ɗaurawa a ƙarƙashin takalmin. Kafin a fara, masu tura kurar ruwa su ɗebo daga kogi a yayyafa, in ba haka ba na baya ba zai ga na gaba ba. Sai Baba ya tsaya da usur a baki, ya ɗaga jan ƙyalle. Yana sauke shi sai su tashi.

Kada ka ɗauka abin ya zo da sauƙi. Asabar ta farko 'yan kallo ba su fi masu tseren yawa ba. Baba ya yi ta zagaya tashoshin acaɓa yana lallashi, ya je wurin fasto, mai walda ya je wurin liman, su biyu suka durƙusa gaban jauro, wato mai unguwa, har ya ba da izini. Masu baburan ba sa son a kai musu dukiya filin, saboda haka wani zakaran ya zo wannan mako, mako mai zuwa an ƙwace makulli. Lokacin da fetur ya yi wuya, aka rage zagaye zuwa uku, wata Asabar ma tura baburan aka yi zuwa filin don kada a ƙona mai a hanya. Mafi ciwo shi ne damina. Da ruwan farko tsohon zai sa garma ya nome hanyar tsaf, in kaka ta wuce Baba ya sake farawa daga tushiyar kara, kamar bai taɓa yin komai ba. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Yakan ce dawa ce ta riga mu zuwa.

A rani na uku filin ya karɓu. Mata suna kawo kunun zaƙi da rake, mutane suna tahowa a ƙafa daga cikin gari. A wannan ranin ne yayana ya ja ni bayan wani icce, ya tuɓe rigarsa ta gareji ya ba ni, ya saka rigar abokinsa da hularsa. Ya ce in ina ƙaunarsa kada in faɗa wa kowa. Shekararsa goma sha bakwai. Na rungume rigar, ban faɗa wa kowa ba.

A zagaye na biyu tayarsa ta baya ta goge ta wani, ya tsallake buhunan ya faɗi, babur ya danne masa ƙafa. Baba ya ruga kamar yadda yake rugawa ga kowa. Sai da ya cire masa hular ya ga ɗansa ne. Ina tsaye ina kallo lokacin da usur ya faɗo daga bakinsa.

Ƙashin ƙwauri ya karye wuri biyu, aka kwantar da shi a asibiti. Jauro ya dakatar da wasan ya sa ranar zama. Kwana uku Mama sai dai ta ajiye wa Baba abinci ta wuce. Ni kuwa abincin ba ya shiga. A rana ta huɗu na same ta tana dama kunun da za ta kai asibiti, na faɗa mata na sani tun kafin ya hau. Na zaci za ta dake ni. Ta ci gaba da damawa, can ta ce, "Ke yarinya ce, an ɗora miki abin da ya fi ki. Mu da muka haife shi ba mu gane shi ba." Ta zuba mini kunun a kofi ta tsaya har na shanye.

Da yammacin ranar mahaifiyar yaron nan na ƙungiyar mawaƙa ta zo dubiya. Ta zauna a tabarma, sannan ta ce wa Mama, "Naki kina kai masa kunu. Nawa a kan kwalta ya faɗi." Ta yi sallama ta tafi.

Ranar zaman kowa ya ɗauka an gama. Baba ya ce laifin nasa ne, duk abin da aka yanke ya karɓa. Sai Mama, wadda ba a gayyace ta ba, ta nemi izinin magana. Ta ce a bar filin, domin in an rufe shi yaran za su koma titi. Amma daga yau ita za ta tsaya a bakin shiga. Duk mai hawa sai ya cire hula ta ga fuskarsa, ta san ɗan wane ne, ta kuma sunsuni bakinsa. Wanda bai kai shekaru ba ko ya sha burkutu, gida zai koma. Jauro ya yi dariya ya ce ai shi ma ba zai so ya bi ta gabanta ba. Haka aka yi. Rani biyu tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno da lema, manyan ƙattai suna sunkuyawa a gabanta suna cewa "Mama, ina wuni." Ta kori da yawa. Ba a sake samun karaya ba.

Abin da ya kashe wasan daga baya ba haɗari ba ne. Tsohon ya rasu, gari ya matso, wata safiya muka tarar an kakkafa turakun yankan fuloti da jan fenti a tsakiyar hanyar tseren. Baba ya nemi wani fili har wajen gari, amma kowa yana jiran mai sayen fuloti, ba mai ba da aro. Ya kwaso tayoyinsa ya jibge su bayan gareji, shi ke nan.

Yanzu gidaje ne a wurin, har da makarantar kuɗi. Keke mai ƙafa uku ya maye gurbin acaɓa a cikin gari, amma in ka fita ƙauyuka ranar biki za ka ga samari suna gudu a kan titi kai babu hula, ba kuma wanda ya share musu fili. Samarin Baba sun yi furfura, wasu sun aurar da 'ya'ya. In na haɗu da su a kasuwa nakan gode wa Allah da ya ba ni iyayen da ba su tsaya ga tsawa kaɗai ba.

Bara ɗana ya ce yana son koyon babur. Bakina ya buɗe zai ce a'a, sai na rufe shi. Na kai shi gida wurin yayana, wanda har yau yake ɗan ɗingishi, shi yake riƙe da garejin. Baba yana zaune a benci, idonsa ya tafi, sandarsa tsakanin gwiwoyi. Yaron ya tayar da injin ya yi zagaye ɗaya a ƙofar gida. Baba ya karkata kai ya saurara, sannan ya ce wa yayana, "Ka faɗa masa ya sassauta hannu. Yana matse mai kafin ya fita kwana."