Indabo da Gaisuwar Alhaji Rafi'u

A Zangon Wagadugu aka haifi Indabo, kuma wai sai da ungozoma ta bi ta har zaure kafin ta samu ta yanke cibi. Tana shekara takwas aka ɗora mata kai tuwo shagon atamfar babanta, Alhaji Rafi'u, a kasuwar Sankaryare. Takan isa miya ba ta daina tafasa ba. Masu ƙaramin babur mobileti suka tsane ta, don tana wuce su ko sannu babu.

Wani malami a lekol, makarantar boko, ya ga ƙafar, ya sa ta gudun mita ɗari. Kafin ita, macen Zango ba ta gudu sai in akuya ta sa baki a shanyar gero. Indabo ta cinye 'yan lekol, ta cinye 'yan gari, har ta kai zagayen ƙarshe na gasar ƙasa.

Nan Alhaji ya kafe. "Gudu ba kare ba gobara? Zan je in gani da idona. In shirme ne, ki rataye takalmin nan mai ƙusoshi, shago na jiranki."

Ranar gasa rabin Zango ya taho da tabarmi da kulolin zom-kom, ruwan garin gero mai sanyi, sai ka ce biki. Indabo na kan layi, ta hango hular babanta a sahun gaba. Sai ga Malam Zakariya'u, amininsa da ya dawo daga Maraɗi, ya zauna bayansa. Alhaji ya juya baki ɗaya.

"Lale lale! Ina gajiya?"

Bindiga ta tashi.

"Ya mutan Maraɗi?"

Indabo ta wuce rabi.

"Ya iyali? Ya ƙafar Hajiya?"

Fili ya kaure da ihu. Alhaji ko tambayar damina bai kai ba.

Ta zo tana haki, ta durƙusa. "Baba, kun gani?"

"Na ga me? An fara ne?"

"An gama, Baba. Ni na ci."

"To je ki ce su sake, ban shirya ba."

Hawaye ya cika mata ido, ta riga ta hango kanta tana ninke atamfa har tsufa. Alhaji ya tambaya minti nawa aka yi. Ta ce daƙiƙa sha biyu.

"Au! Shekara biyar kuna tayar mini da hankali a kan abin da bai kai gaisuwa ba? Yi ta gudunki. Amma ranar gasa ma ke za ki buɗe shago, tunda ba ya cin lokaci."

Sau huɗu Indabo ta ci zinaren ƙasa, yau ita ke koyar da 'yan matan Zango gudu. Alhaji ya halarci duka huɗun, kuma har yanzu bai ga ko ɗaya ba.